Ɗakin Tsofaffin Gem

Lokacin da na auri maigidana, gidan gem, wato na wasan bidiyo, gare shi a unguwar Rikoto cikin Zuru, shago guda a bakin hanya mai 'yan talabijin da bencuna. Daga tashin makaranta yara ke cika shi, da yamma samari su karɓe wuri, har sai man janareto ya ƙare. Babana tsohon soja ne, bai taɓa ɗaukar abin a bakin sana'a ba, amma da ya ga shagon yana ciyar da mu sai ya kama bakinsa. Ni kuma ina koyarwa a firamare. Muna hayar ɗaki biyu da falo, ɗaya namu, ɗaya na ɗiyarmu, wadda ita kaɗai Allah ya ba mu.

Waya ce ta kashe shagon, a hankali kuma ta kashe shi. Samarin da ke rigima kan layi sai suka koma gindin mangwaro, kowa ya duƙa a kan tasa. Yaran suka bi sahu. Da kuɗin mai ya fi abin da ake samu, maigida ya rufe, ya kwaso na'urorin a kwalaye, ya koma kabu-kabu da rani, da damina kuma noman dawa tare da 'yan'uwansa a Dabai. Na ɗauka zancen gem ya ƙare ke nan.

Wata rana ina tsince shinkafa ya zo ya tsuguna kusa da ni da wayarsa. Wani bature ne a bidiyo yake ɗaga wata na'ura ruwan toka, irin mai cin kaset ɗin nan, sak wadda ke cikin kwalinmu. Ya ce in ji abin da aka saye ta a ƙasar waje, kuɗin da zai sayi fili a Zuru har a zagaye shi da katanga. Ya yi mini bayani cewa an daina ƙera su tuntuni, kullum raguwa suke yi, waɗanda suka yi wasa da su suna yara kuma yanzu sun zama masu kuɗi, suna neman ƙuruciyarsu ido rufe. Na yi dariya na ce Allah ya kai mu. Tun rufe shagon ban ga fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba.

Ba namu kaɗai ya ajiye ba. Duk inda ya ji an rufe gidan gem sai ya hau babur ya je. Ya kwaso na Dabai, ya kwaso na cikin gari, har Dirin Daji ya je a lokacin da mutane ke tsoron hanyar, ya dawo da buhu ɗaure a bayan babur. Masu su murna suke yi an raba su da tarkace. Akwai masu kaset, akwai masu faifai, akwai hannuwan wasa a curkuɗe da wayoyinsu. Da ƙarƙashin gadonmu ya cika, sai ya ce ɗiyarmu ta ɗan koma falo, a zuba kayan a ɗakinta kafin farashi ya tashi. Tana aji uku a firamare a lokacin. Na rataya mata labule a lungu, na shimfiɗa katifa.

Tun daga nan gidan ya koma bin dokar kwalaye. Ba a buɗe tagar ɗakin da damina saboda danshi. Ba a kunna murhun gawayi kusa da ƙofarsa. Ya jera bulo ya ɗora kwalayen a kai don gara, ya cusa gawayi a tsofaffin safa ya saka a ciki don ya tsotse laima, ya barbaɗa ganyen dogon yaro saboda kyankyasai. Ɓeraye kuwa sun mai da shi mafarauci. Ba ma tafiya mu kwana, ko biki ne ko rasuwa, sai ɗayanmu ya tsaya. Da ƙanen babana ya rasu a ƙauye, yini kawai na yi na juyo, don maigida yana gona kuma hadari ya haɗu.

Kowace Asabar, in an kawo wuta, yakan fito da su ɗaya bayan ɗaya ya jona a ƙaramar talabijin ya gwada. Wasu wasannin sai mutum biyu, don haka ni ce ta biyun. Zan bar wanki a jiƙe in zauna a ƙasa riƙe da hannun gem, yana cewa in danna dama, in danna tsalle, yana kasa kunne ga ƙarar na'urar kamar mai sauraron numfashin jariri. Har na haddace kiɗan wasannin ban so ba. Ina rubutu a allo sai in ji ɗaya yana yawo a kaina.

Ana haka yayata da ke Kaduna ta kira ni. An buɗe wata makarantar kuɗi kusa da gidanta, suna neman malama, har da ɗakin zama a harabar. Ta ce mijina ma ba zai rasa abin yi a can ba. Na kwana biyu ina juya maganar kafin na faɗa masa. Bai ce a'a ba. Bai taɓa ce mini a'a ba, kuma wannan ne ya fi wuya. Ya ce bari damina ta wuce. Da ta wuce ya ce ramukan hanyar nan za su farfasa kayan kafin a kai Kontagora. Na ce a bar su wurin uwarsa a Dabai, ya ce ɗakinta na ƙasa ne, gara za ta gama da su kafin baɗi. Na ce to a sayar. Ya dube ni kamar na ce a yanka saniya mai ciki.

"Yanzu hwa? Saura ƙiris. Waɗanda sunka saida nasu bara, yau suna cizon yatsa."

Ina iya ɗaukar ɗiyata in tafi, yayata ma haka ta ce. Amma ban ga da wane baki zan gaya wa babana na bar mijina ba, mutumin da ba ya sha, ba ya duka, ba ya bin mata, laifinsa kawai kwalaye. Aka ba wata wurin. Yayata ta yi wata da watanni ba ta ɗaukar wayata.

Shekaru suka wuce a haka. Ɗiyarmu ta shiga sakandare, ta zama budurwa a bayan labule. In baƙo ya zo da safe sai ta ɗauki kayanta ta shiga banɗaki ta saka. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai na lura ta daina kawo ƙawayenta gida.

Wata rana a ofishin malamai, lokacin tara, na ji kiɗan nan. Na zaci a kaina yake kamar kullum, sai na ga wani abokin aikina, malamin lissafi, yana danne-danne a waya. Na matsa na leƙa. Wasan ne, shi ɗin dai, mutumin nan mai tsalle a kan bulo, launinsa da ƙararsa ba abin da ya canza. Na tambaye shi yadda aka yi ya shiga waya. Ya ce wata manhaja ce da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar, sai wayar ta riƙa aiki kamar ita, kuma wasanni ɗari-ɗari suke shiga ba su cika wuri ba. Na ce nawa ake saye, ya ce kyauta ya samu. Na roƙe shi ya saka mini, kafin a kaɗa ƙararrawa ya gama.

Ranar da sauri na taho gida, ban ma tsaya kasuwa ba. A raina na gama lissafi: in duk abin da ke ɗakin nan yana cikin tafin hannuna, wa zai ba da kuɗin fili don ya saya? Har na fara tunanin kalar fentin da zan yi wa ɗakin.

Na bari ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan na miƙa masa wayar. Ya karɓa ya buga, ya haye matakin farko ba tare da ya faɗi ko sau ɗaya ba, ya miƙo mini. Ya ce ya san da ita tun kafin ya rufe shago, ita ce ma ta kwashe masa yara. Na ce to me muke jira? Ya ce wannan manhajar ita ke ƙara wa na gaskiya daraja, don duk wanda ya ɗanɗana a waya zai so ya riƙe ainihin abin a hannunsa. Na ce mafarki yake yi. Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba. Sai ya ce a hankali:

"Hoton babanki sanye da kaki na cikin wayarki. Mi ya sa har yau babanki ke ajiye da hulatai ta soja cikin akwati?"

Na kwashe kwanuka na shiga kicin. Na san hula ba ta kori kowa daga ɗakinsa ba, amma wannan sai bayan kwana biyu ya zo mini, ina shara.

Maƙwabcin tsohon shagonsa wani ɗan kasuwa ne daga kudu maso gabas, mai sayar da kayan wuta, ya daɗe a Zuru har 'ya'yansa sun fi shi Hausa. Cocinmu ɗaya, kuma maigida na jin maganarsa. Na same shi a shago na zayyana masa komai. Ya ce shi ma ya bi zancen a waya, kuma gaskiya ne wasu na tsada, amma irin waɗanda ke cikin kwalinsu na asali, ba a taɓa kwance su ba. Namu kuwa sun sha hannun yara da mai gyara, an yi musu dalma, an canza musu waya, wasu har an ƙarce sunaye a jikinsu da ƙusa. Ya ce ya taɓa gaya wa maigida haka, maigida ya canza zance.

Na roƙe shi in zai je gida Kirsimeti ya tafi da kaɗan ya gwada a babbar kasuwarsu. Na ce in kasuwa ta yi magana da bakinta, wataƙila ya ji. Mu biyu muka yi ta lallaɓa maigida har ya yarda ya ba da uku. Ya naɗe su da tsofaffin zannuwana, ya raka su har tasha.

Na yi addu'a a wannan Kirsimetin, kuma abin da na roƙa shi ne kada a saya.

Ɗan kasuwar ya dawo bayan sabuwar shekara, ya zo gidanmu da yamma da leda a hannu. Biyu ya dawo da su, ya ce ko kallonsu ba a yi ba. Ta ukun kuwa wani saurayi mai tura kaya ƙasar waje ya gani ya saya, ba kuɗin fili ba, ko kusa, amma ya ninka abin da maigida ya saye ta sau da yawa. Saurayin ya kuma tambaya ko akwai irinta, ya ce a riƙe masa, don baɗi za ta fi haka. Ɗan kasuwar yana faɗar wannan yana kallon ƙasa. Da zai fita ya ce mini, "Madam, ki yi haƙuri. Ba zan iya ɓoye masa ba."

Maigida bai yi mini gori ba. Ya sayo nama da lemo, ya sayo wa ɗiyarmu takalmi, ni kuma atamfa. Yana ta murmushi yana cewa ai ya fara, yanzu ne ma ya fara. Biyun da aka ƙi ya goge su ya mayar kwali, ya ce lokacinsu ne bai yi ba. Na ci naman tare da su, na yi godiya da atamfar.

Sati bai cika ba sai ga shi da kafinta. Ya samu labarin wani mai gidan gem a Yauri da ke son rabuwa da kayansa, ɗakin kuma ba sauran wuri, don haka za a buga kanta a bangon falo daga ƙasa har silin. Kafintan ya auna bangon, ya ja layi da fensir, ya sauke kalanda da hoton aurenmu ya jingine su a kujera. Da ya zo kan agogon bango sai ya juyo ya tambaye ni inda nake so a mayar da shi. Na ce ya tambayi maigida, na shiga kicin na ɗora musu ruwan tuwo.