Ƙyallayen Fata a Aljihun Baba

A shekarata ta biyu a jami'a a Guangzhou, ni da abokin karatuna, wani ɗan Mozambik, muka buɗe littafin kalmomi. Darasinmu shi ne yadda ake koya wa kwamfuta rarrabe abubuwa ta hanyar auna kamanninsu. Kowane shafi muka raba shi uku: Turanci, Fotugis, Hausa. In na rubuta kernel, ya sa núcleo. In na rubuta support vectors, ya sa vetores de suporte, ko jinkiri babu. Ɓangaren Hausa kuwa fayau. Abin yana cina, sai dai in wayance da dariya.

Lokacin bajekolin Pazhou, babbar kasuwar baje koli ta birnin, Baba ya iso daga Kano sarin jakunkuna. Na je gaishe shi a masaukinsa, ya karɓi littafin ya jujjuya.

"Abokin nan naka ya san abin da yake karantawa. Kai fa? Faɗa min da Hausa."

Na yi ta kame-kame. Ya ce in har ya tashi komawa ban iya faɗa masa ba, in tattara in bi shi kasuwa. Hankalina ya tashi, don Baba ba ya maimaita magana.

Bayan kwana biyu na raka shi Shiling, garin da ake ƙera jakunkunan fata. A wata masana'anta ya zaro ƙyallayen fata huɗu daga aljihu, duk sun sha hannu. Kowace jaka aka miƙo masa, sai ya gwada ta da su. Na tambaye shi me ya sa bai riƙe fata mafi kyau ta zama samfur ba.

"Mai kyau ai kowa ya san ta, marar kyau ma haka. Waɗannan na bakin iyaka ne. Biyu da ƙyar suka tsallake, biyu da ƙyar suka faɗi. Su ke raba min gardama."

Na saki baki. "Baba, wallahi karatuna ke nan. Ita ma kwamfutar misalan bakin iyaka take riƙewa, ta watsar da sauran. In sabon abu ya zo, ta gwada shi da su."

"Wato shekara biyu kana koyon abin da ke aljihuna?"

"Haka ne, Baba."

Bai sake tada zancen komawata kasuwa ba, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya. Ranar tafiyarsa na kai shi filin jirgi, ya miƙo min littafin da ya riƙe tun ranar da na je gaishe shi, ya sa min albarka ya shige shi kaɗai. Da na koma ɗaki na buɗe littafin, sai ga ƙyallayen nan huɗu a shafin farko, ya manna su a ɓangaren Hausa.