Takalman Masinja

Auta ta jera takalman mahaifinta a tsakar ɗakinsa ta ƙirga: ƙafa arba'in da ɗaya, ban da wani wari da ya rasa ɗan'uwa. Da rana motar gidan talabijin za ta zo ta kwashe su, a nuna a shirin tunawa da shi, daga nan su zama na 'yan wasa. Inna ta riga ta amince. Auta ƙafa ɗaya kawai take so ta ajiye, amma nasa na kansa, ba na wasa ba.

Duk gari Masinja ake ce masa, saboda rawar da ya fara da ita a rediyo. Aikinsa ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya shigo, ya ce manaja na kira. Ranar farko da ya saurari kansa sai ya ɓata rai, wai takunsa na manaja ne. Ya fita ya samu masinjan gidan rediyon, ya ba shi sabon takalminsa, ya karɓi nasa mai cinyayyen dunduniya. Mai shirya wasan ya ce, "Malam, rediyo ne fa. Wa zai gani?" Ya ce, "Ai ji za su yi."

Da talabijin ta zo, ya yi maigadi, ya yi direban bas, ya yi shekara biyu yana mai gyaran famfo. A fim ya zama kawun jarumi, da likitan da zai girgiza kai a fashe da kuka. Bai taɓa zama jarumi ba. Ya mutu a fim tara, biyu tun ba a gama nuna sunaye ba. Kowace rawa kuwa sai ya nemo mai sana'ar na gaske sun yi musanyar takalmi, kuma da takalmin zai riƙa yawo har a gama ɗauka. Tun daga ƙofar gida 'ya'yansa ke sanin wa ya dawo. In ja ake da ƙafa, maigadi ne, a ci gaba da wasa. In aka ji ƙwas-ƙwas, hedimasta ne, kowa ya nemi littafi.

"Inna, wanne ne nasa a nan?" in ji Auta.

Inna ta leƙo daga ƙofa. "Nasa? Babu wanda na saya masa da ya yi mako a gidan nan. Ranar aurenmu ma na ɗan sanda ne a ƙafarsa."

Yayanta, da ke ɗaure kwali, ya ce, "Ki fita titi ki riƙa duba ƙafafun mutane, Auta. Gadonki na can yana yawo."

"Yaya, ba wasa nake ba."

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama. Wani dattijo ne ya zo gaisuwa, mai gyaran famfon da marigayin ya koyi aikin a wurinsa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Auta ta tsura wa takalmin ido: ruwan ƙasa, mai igiya, wanda ta saya wa mahaifinta tun tana ɗaliba. Ta daure har aka gama addu'a, sannan ta zaro wani but ɗin roba, irin dogon takalmin shiga ruwa, daga jere.

"Baba, wannan naka ne ko? To ga naka, ka ba ni namu."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "'Yata, in kina so ɗauki. Amma ki sani, daga gidan nan zuwa shagona kaɗai ya taka da shi. Yana zuwa ya cire, ya ce yana matse masa yatsa, kuma kar in gaya miki. Saura duk ni na cinye shi."

Auta ta juya takalmin. Dunduniyar ta ci ta gefe guda, irin na mai yawan durƙuso.

"Wannan fa?" Ta ɗaga but ɗin.

"Wata uku na sa shi. Shi kuwa shekara biyu, kuma ko bayan an gama wasan da shi yake zuwa kasuwa."

"Da shi ya je bikin kammala karatunki," in ji Inna. "Ni na hana a ɗauki hoton ƙafarsa."

Auta ta zura hannu ciki. Akwai ɗan lotsawa a daidai babban yatsa, inda na mahaifinta yake da ƙari.

Mota ta yi hon a waje. Yaya ya fara loda kwalaye. Direban ya leƙa ya ce an gaya masa arba'in da ɗaya ne.

"Arba'in ne," in ji Auta, but ɗin na hammatarta. "Sai wari, kyauta."

Dattijon na ɗaure igiyar takalmin ruwan ƙasan ya ɗago kai. "Kar dai ki shiga ruwa da shi, 'yata. Na hagun yana yoyo."