Katin da Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Sani Ba

Ni kam har gobe ban manta da ranar da katin sadarwa na babbar kwamfutarmu ya ƙone ba. Lokacin ni ne babban injiniyan kwamfuta a wani kamfanin ajiyar nama a unguwar masana'antu ta Jidda. Hajji ya ƙarato, ɗakunan sanyi cike maƙil, kuma wannan kwamfutar ce ke daidaita sanyinsu ta hanyar katin nan. Tsohuwa ce tukuf. Kernel 2.4 ke cikinta, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa sassan na'ura, shirin sanyin kuwa ba ya tashi a kan sabo.

Abokin aikina Usman, ɗan asalin Kano amma haifaffen Jidda, magidanci da 'ya'yansa, ya ruga kasuwar Balad ya sayo sabon kati. Aka saka, shiru. An ƙera katin bayan zamaninta, ba ta san shi ba. Kafilinmu, wato mai kamfanin da takardun zamanmu ke hannunsa, ya hasala, ya nuna Usman da yatsa: "In naman nan ya lalace, shi ke nan, zan soke iƙamarka." Iƙama ita ce izinin zama a ƙasar, Usman kuwa bai taɓa taka Najeriya ba, can kuma za a tura shi.

Kowane kati da lambar shaidarsa, kuma direba, wato shirin da ke tafiyar da kati, sai lambar da ya sani yake karɓa. Usman ya kwafo lambar daga sabon kernel, ya liƙa a tsohon direba. Fitilar katin ta kama. Ya daka tsalle: "Yalla, mu tafi Kawu, mun gama!"

Na ce, "Kai, zauna! Sunansa kawai ka gaya mata, ba ka koya mata halinsa ba." Muka tura mata bayanai da yawa don gwaji, nan take ta sandare. Da mun tafi a haka, sai dai wari ya sanar da mu.

Muka jera tsohon direba da sabo, muna ɗauko layukan shirin da katin ke buƙata ɗaya bayan ɗaya. Inda sabo ya kira abin da tsoho ba shi da shi, mu rubuta masa madadi. Ɗaki ɗaya har ya fara zufa kafin kwamfutar ta tashi, bayan La'asar. Kafili ya leƙo, ya duba ma'aunin sanyi, ya fice ko sannu babu.

Usman ya sulale ƙasa, ya ce da Hausarsa mai karyewa, "Kawu, ni ko titi ɗaya ban sani ba a Kano."

Shi ya sa, ku yaran da nake koya wa aiki, nake takura muku da gwaji, kuna cewa na cika mita. Fitila na iya kamawa alhali aiki bai yi ba. Ranar nan, zaman iyalin Usman a garin haihuwarsa ne muke ta rubutawa layi-layi.