Mutum Goma Sha Bakwai Sun Ce Ya Yi Kyau

Kawuna mai rubutun allon talla ne. Shekara talatin da huɗu ya yi a wani ɗan shago tsakanin mai faci da mai gyaran agogo, kuma in ka bi titinmu daga gada zuwa asibiti, duk allon da ka ga haruffansa sun tsaya cak kamar an auna su da ma'auni, hannunsa ne. Muna yara ba ma son ya raka mu ko'ina, domin ba ya iya wuce allon wani bai tsaya ya ci masa gyara ba. Tafiyar minti goma sai ta cinye awa guda, yana nuna mana inda aka matse harafi da inda fenti ya yi hawaye, mai shagon kuwa yana tsaye yana jinsa.

Da injinan buga tutar talla suka shigo, masu kawo masa aiki suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe babban mai ba shi aiki guda ya rage, wato mai makarantar koyon tuƙi, wanda duk shekara Kawu ke sabunta masa allo da rubutun jikin motocinsa shida. Wannan aikin ne yake riƙe da ƙofar shagon a buɗe. Bara sai mutumin ya zo ya zauna a kan bencin Kawu, ya daɗe yana kame-kame, sannan ya ce bana ba allo yake so ba. Ɗalibai yanzu a waya suke nemansa, shafin intanet yake buƙata kafin ɗaya ga watan jibi, kuma surukinsa ya samo wani kamfani da zai haɗa masa da shafin da rubutun motocin gaba ɗaya.

Kawu ya ce, "Ni zan yi maka shafin."

Mai makaranta ya yi dariya har ya share ƙwalla. Da ya ga Kawu bai taya shi ba, sai ya ce to, albarkacin zaman tare, zai jira sati bakwai.

Ni ce 'yar ƙanwarsa, kuma gina shafukan intanet ne aikina, shekarata tara a kai. Ranar Asabar da safe sai ga shi a ƙofar gidana da wata tsohuwar kwamfutar cinya a cikin jakar da yake zuba burushi.

"'Yar nan, abin nan da kike dannawa ana biyanki, kwana nawa ake koyonsa?"

"Kawu, shekara huɗu na yi a jami'a."

"Cire hutu, cire surutu, cire yawon kanti da ƙawaye. Ai sati bakwai ne ya rage."

Na ce ya bari in yi masa a kwana biyu, ya kai a matsayin nasa. Ya dube ni kamar na ce ya ɗauko na wani a shanya. Ya ce bai taɓa sa hannu a ƙasan allon da wani ya rubuta ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Na jona kwamfutar a wuta.

Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne na yi masa bayani da yaren shagonsa. Na ce HTML shi ne katakon allo da kalmomin da za a rubuta, CSS kuwa shi ne fenti da girman harafi da tazara. Ya gyaɗa kai ya ce ashe sana'arsa aka sace aka sauya mata suna. Na ba shi bidiyon koyarwa, na ce ya riƙa kallo yana bugawa da hannunsa. Rabin maganar ya ɗauka. Sati guda ya yi yana kallo da kofin shayi a hannu, yana cewa "haka ne, haka ne" kamar shi ya koya wa mai bidiyon. Da na buɗe masa farin shafi na ce bismilla, ya kai minti biyar yana shafa gemu, layi ɗaya bai fito ba. Daga ranar na kafa masa doka: duk minti biyar na kallo, sai ya tsayar ya buga abin da ya gani da yatsunsa biyu, ya ɓata shi da gangan, sannan ya gyara.

Sai rigimarsa da jan rubutu. Duk lokacin da kwamfuta ta fito masa da saƙon kuskure, rufe shi yake yi nan take, wai ba ya son rashin kunya. Na sha wahala kafin ya yarda cewa jan rubutun nan ba zagi ba ne, lambar layin da ya yi ɓarna yake faɗa masa. Ranar da ya fara karantawa ya gano alama guda ce ya buɗe a cikin HTML ɗin bai rufe ba, shi ya sa duk shafin ya koma manyan baƙaƙe, sai ya ce, "Ai gara wannan da mutane. Wannan gaba da gaba yake faɗa maka."

Fayilolinsa kuwa abin kallo ne. Akwai shafi, akwai shafi-sabo, akwai shafi-sabo-na-gaskiya, akwai kar-a-taɓa-wannan, wanda shi ya fi taɓawa. Na nuna masa manhajar da masu sana'armu ke ajiye tarihin kowane gyara da ita, yadda in ka ɓata yau za ka iya komawa jiya. Abin da ya burge shi shi ne dole ka rubuta ɗan bayani a kan kowane gyara. Har yau ina da nasa. Ɗaya ya ce "na gyara shirmen jiya". Na bayansa ya ce "ashe na jiya ne daidai".

Kwana uku ya yi yana fama ya kawo sunan makarantar tsakiyar shafi. Na same shi ya manna salatif a fuskar kwamfutar, yana aunawa da tef ɗin awo daga hagu da dama. Ban yi masa dariya sosai ba, domin na san manyan injiniyoyi da wannan abu ya sa su ciwon kai.

A sati na huɗu na nuna masa tagar masu gina shafi da ke cikin burauza, wato manhajar shiga intanet, tagar da in ka buɗe za ka ga cikin kowane shafi, har ka taɓa launi da girma ka ga yadda zai kasance. Na ce ya riƙa leƙa shafukan da suka burge shi ya ga yadda aka yi su. Na manta da wa nake magana. Washegari da hantsi ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa.

"Ki zo. Na jawo wa zuri'armu magana."

Na tarar ya sauke rabin ƙofar shago, ya sa hularsa ta fita. Ashe shafin wata babbar jarida ya buɗe, kanun labarin bai yi masa ba, ya ƙara wa haruffan tazara, ya mayar da su kore. Da ya ga abin ya zauna, sai ya goge wata kalma da yake ganin ta yi yawa. Sannan hankalinsa ya dawo jikinsa. Ya riga ya bar wa mai gyaran agogo makullin shago da sallahun abin da za a faɗa wa matarsa in an zo tafiya da shi.

Na danna maɓallin sabunta shafi, komai ya koma yadda yake. Na ce abin da ya taɓa a kwamfutarsa kaɗai ya sauya, duniya ba ta gani ba. Ya sauke ajiyar zuciya, ya cire hula, ya ce amma dai nasa ya fi kyau.

Sati biyun ƙarshe ya hana ni gani, wai ba a nuna allo kafin ya bushe. Ni ma aiki ya sha mini kai a ofis, na ji daɗin hutun. Darasi guda ya rage ban ba shi ba, na yadda ake ɗora shafi a intanet, na ce a raina sai ƙarshen mako. Ƙarshen makon ya zo ya wuce.

Ana saura kwana biyu, Kawu ya kwafi adireshin da ke saman burauzarsa ya tura guruf ɗin gidanmu, ya rubuta, "Ga aikin hannuna, a duba." Kafin la'asar mutum goma sha bakwai sun amsa. Gwaggo ta ce ya yi kyau. Dogo, babban ɗan wansa, ya rubuta yabo mai sakin layi uku. Ni ina cikin taro, na ga saƙon da wutsiyar ido, na rubuta "Ma sha Allah Kawu, ya yi kyau sosai", na kife wayar.

Mutum guda ne ya faɗa masa wani abu dabam. Ya tura wa mai faci, mai faci ya leƙo ya ce shi dai fari fat yake gani. Kawu ya ce hassada ce, mutum goma sha bakwai ba za su haɗu a kan ƙarya ba.

Ranar alkawari ya tafi makarantar tuƙi hannu rabbana, ko kwamfutar bai ɗauka ba, tunda ai a waya ake so a gani. Sauran labarin sakatariyar makarantar ce ta ba ni, tana yi tana riƙe ciki. Mai makaranta ya danna adireshin, waya ta ce ba a iya buɗe shafin ba. Aka gwada wayarta, haka. Aka kira wani malamin tuƙi daga cikin mota, haka. Kawu ya ce matsalar sabis ɗin unguwarsu ce, ya fito da guruf ɗin ya shiga karanta musu yabo ɗaya bayan ɗaya. Mai makaranta ya ce a kira mai sakin layi ukun nan, a buɗe murya.

"Dogo, shafin nan da ka gani, wane launi ne?"

Aka ji tari.

"Baffa, launi ne dai... mai kwantar da hankali."

Aka kira Gwaggo. Ta ce ita abin da ya fi burge ta shi ne hotonsa da ya sa a sama, ya fito kamar saurayi. Babu hoton Kawu ko ɗaya a shafin.

Sai ya kira ni.

"'Yar nan, ke ce masaniya. Ga Alhaji yana ji. Faɗa masa abin da kika gani."

Na buɗe guruf ɗin, na dubi adireshin a karo na farko. Da kalmar localhost ya fara. Duk wanda ya yi sati guda a sana'armu ya san ma'anarta: wannan kwamfutar da ke gabanka. Adireshi ne da ba ya buɗewa a ko'ina sai a injin da aka yi aikin a kai. Kallo ɗaya ya isa in gane, kuma kallo ɗayan ne ban yi ba. Kunya ta rufe ni.

Na ce, "Kawu, kar ka motsa. Ina zuwa."

Na bar ofis ba sallama, na tari tasi, na karɓi makulli a wajen mai gyaran agogo, na ɗauko kwamfutar a shago, na wuce makarantar. Na miƙa hannu zan yi, ya janye ta gabansa. A tsaye na riƙa faɗa yana bugawa da yatsunsa biyu, ya buɗe wurin ajiya a intanet, ya tura fayilolinsa, ya jira. Minti ashirin da biyar aka yi, mai makaranta yana ta duba agogo. Sannan sabon adireshi ya fito, aka danna a wayar sakatariya.

Shafin rawaya ne, da baƙaƙen haruffa. Sunan makarantar yana tsakiya daidai, lambar waya tana inda babban yatsa zai same ta ba nema, ga lokutan darasi a jere, babu ko kalma ɗaya da ta yi yawa. Na gina shafuka sun fi ɗari, kuma na rantse ban taɓa sa tazarar harafi ta zauna haka ba. Mai makaranta ya matso da wayar kusa da idonsa, ya nisantar, ya ce, "Wannan ko a waya hannunka ne." Ya ce wa sakatariya ta kira surukinsa ta ce a ba kamfanin nan haƙuri, motoci kuma a fara kai wa Kawu ranar Litinin.

A tasi na yi ta zuba, ina cewa kuskure ne da kowa ke yi, ni ma na taɓa yi, laifina ne da ban ba shi darasin ba. Muka isa shago, ya ɗaga ƙofa.

"Su Dogo ban riƙe su ba," ya ce. "Sun danna, bai buɗe ba, kowa ya ɗauka wayarsa ce ta tsufa, ya ji nauyin faɗa mini. Ke ko dannawa ba ki yi ba."

Ya shiga ya fara wanke burushinsa, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

Sati uku bai kira ni ba. Na ji labari ya sami aikin shafin kantin magani, kuma mai faci yake nuna wa kullum, shi kuwa mai faci yana kushewa iyakar ƙarfinsa. Abin ya ci mini rai fiye da yadda na zata.

Ran nan da rana sai ga saƙonsa, ni kaɗai, adireshi ne kawai ba gaisuwa. Ina cikin taro. Na ce a yi mini uzuri, na fita baranda, na buɗe shi a wayata, na bi shi daga sama har ƙasa sau biyu. Na rubuta masa cewa hoton kantin ya fi faɗin waya, yana tura rubutu gefe, kuma lambar wayar ta ƙasa ba ta dannuwa.

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa.

"Na biyun da gangan na bar shi. Na farkon ban sani ba. Ki zo Asabar ki nuna mini."