Abin da Wumbei ya ɓoye a bayan katanga

Ku matso, yau zan fasa. Abin nan ya daɗe yana cina kamar na haɗiye garwashi, ni Azaratu da ko kazar maƙwabta ce ta yi ƙwai sai gari ya ji kafin ta gama kyarkyara. Wumbei ya rasu, Allah ya jiƙansa, wadda ake ɓoye wa kuma ta riga ta sani, to babu sauran abin da ya ɗaure mini baki. Amma kada ku ƙosa. In ban fara tuna muku wane ne Wumbei ba, ba za ku riƙe haɓa yadda na riƙe ba.

Taubashina ne, ɗan gwaggona, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a ƙauyenmu na bayan Savelugu. Dogo ne siriri, in ya hau kekensa sai ka rantse tsani ne ya fito yawo. Zamanin da kurkunu ya kwantar da rabin gari, har gonaki suka koma daji, shi ne ya ɗaga hannu ya ce zai tsare bakin dam. Ba albashi, ba sannu. Yana zaune ƙarƙashin darbejiya tun safe, duk wanda ya gani yana ɗingishi sai ya tare shi, don kada ya sa ƙafar kurkunu a ruwan.

"Ina zuwa da ƙafar nan? Zauna nan, kawo bokitin in ɗebo maka."

Ni kaina ya taɓa kama ni ina shan ruwa ban tace ba. Wallahi ya bi ni da ƙyallen tacewa har cikin kasuwa yana kiran sunana, mutane suka ɗauka sata na yi. Da kurkunu ya ƙare muka ce to, yanzu sai ya huta. Ina! In an yi rasuwa shi ne na farko a ramin kabari. In naƙuda ta tsananta wa mace, shi ke tayar da mai babur daga barci. Har rigimar zabbi tsakanin maƙwabta shi ake kira.

A gida kuwa 'ya ɗaya Allah ya bar musu shi da matarsa Sanatu, ita ce Sikena. A wuya ya riƙa kai ta makaranta har ƙafafunta suka fara jan ƙasa. Ranar da ta samu karatun jinya a Kumasi, mutumin nan ya yi kuka a tasha har direba ya ba shi haƙuri.

To, bayan tafiyarta ne abu ya fara ba mu mamaki. Sai ga Wumbei a layin mata yana taya daddawa da barkono. Sai ga shi da jarkoki a keke. Rannan ya zo masallaci yana warin hayaƙi, da garin masara a gemu. Namiji Badagombe da furfura! Sanatu kuma, wadda man kaɗenta har daga Tamale ake zuwa nema, ta daina fitowa. Ko bikin Damba ba ta leƙo ba. In kin shiga gaishe ta, tana zaune wuri ɗaya, ta amsa miki tana kallon ƙasa. Muka ce ai uwar malamar asibiti ce yanzu, girman kai ya motsa.

Ni ce kan gaba wajen tsokana.

"Amarya, yau me za a girka mana?"

Ya ce, "Tuwo da miyar harshenki, in ya dahu."

"Sanatu ta wanke ta ba ka, ka shanye har da kwanon."

"Ta ba ni, kuma da daɗi. Ke naki mijin ai gudu yake."

Daga baya ya fara ramewa. Dama can ba nama gare shi ba, sai ya koma kamar sandar rake da aka tsotse. An kai shi asibiti an dawo, ba wanda ya faɗi abin da ke damunsa, amma ya daina hawan keke.

Wata ranar Laraba da hantsi zabuwata ta tsallaka bayan ɗakin girkinsu. Na bi ta. To, gaskiya zabuwar ta wuce abinta, ni ce na tsaya, don na ji murya ta ramin da hayaƙi ke fita.

Wumbei ne yake cewa, "A'a, wannan gishiri ne. Kwalbarsa na ɗaura wa tsumma a wuya. Shafa na kusa da shi."

Sanatu ta ce, "Barkono."

"Yauwa. Yanzu nemo murhu da ƙafa, a hankali, akwai wuta."

Na leƙa. Jama'a, na ga Sanatu tana lalube da hannu biyu, idanunta a buɗe tar, tana nufar bango. Sanatu ba ta gani! Matar da nake gaisawa da ita kullum, nake zaginta da girman kai a bakin rijiya!

Ta zauna a ƙasa ta ce, "Baban Sikena, na gaji. Ka kira yarinyar nan kawai."

"In na kira ta, ranar za ta tattaro kayanta, ba kuma za ta koma ba. Saura kaɗan ta gama. Ke kika ce in rufa, na rufa. Kada ki karaya yanzu."

"Don kana nan ne. In ka tafi fa? Wa zai gaya mini tuwo ya kama? Wa zai ce ga kunama nan?"

Mutumin da ya tsare wa gari guda ruwan sha, sai ya juya yana ta gyara itacen murhu. Ni kuwa hawaye ya cika mini hanci, na ja shi da ƙarfi, fiiit, kamar tsohuwar akuya.

Ban ji tahowarsa ba. Sai dai na ga inuwa ta rufe ni, na ɗago, ga shi tsaye yana dafe da muciya a maimakon sanda.

Na ce, "Zabuwata nake nema."

"A ramin hayaƙi ta shiga?"

Ya daɗe yana kallona, numfashinsa na fita da ƙyar, sai na ga ya yi murmushi.

Ya ɗaga murya ya ce, "Sanatu, share hawayenki. Ga wadda ko allura ce ta faɗi a gidan nan sai ta ji daga ɗakinta." Ya miƙo mini muciyar. "Taubashiya, tunda kunnen ya riga ya shigo, sauran jikin ma ya biyo shi. Zagayo ta ƙofa kamar mutanen kirki, ki zo in nuna miki inda take ajiye ashana."