Kashin Awaki Dubu Goma da Ɗaya

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye kusa da Bukkuyum, abu biyu na mallaka: sabon keke da baki. Keken ya fi amfani.

Wata ranar Laraba na rubuta 10,001 a allo, na shiga yi mata kirari. Na ce mara ce, ba cika ba. Ko ta gaba ka karanto ta ko ta baya, ita ce dai. Sannan tana cikin lambobi masu taurin kai, waɗanda ba sa rabuwa daidai sai an bar saura. Gaskiyar magana, na gwada raba ta daga biyu zuwa talatin, na gaji, na yanke mata hukunci. Har na daki ƙirji na ce duk wanda ya raba ta ba saura, kekena nasa ne.

Maganar ta kai rugar wani dattijo, kakan wata ɗalibata. Sai ga shi da sandarsa.

"Mallam, ni ban san allo ba," in ji shi. "A aza min abin ƙasa in gani."

Me za mu samu har dubu goma a garin nan? Kashin awaki. Kwana uku yara na tsinto busasshe, ni kuma mai takardar shaida ina tsugune ina tara shi ɗari-ɗari. Da na kai dubu shida atishawa ta watsa min tsibi biyu, na sake lissafi.

Ranar rabo dattijon ya zaunar da ɗalibai saba'in da biyu a gindin tsamiya. Na faki ido na buga lissafi a tafin hannu: sittin da biyar za su yi saura. Na jingina da kekena ina murmushi, har da kaɗa ƙararrawa.

Dattijo ya ɗago kai. "Mu ba mu rabo mu bar mutum tsaye. Zamna, Mallam, kai ma a ba ka naka."

Na zauna a ƙarshen layi don kada a ce na raina babba. Ya bi mu ɗaya-ɗaya da ƙwarya, yana ajiye wa kowa ƙwaya guda a gabansa, tun hantsi har azahar ta gota. A zagaye na ɗari da talatin da bakwai na ji ƙwaryar ta daina ƙara. Ya zo kaina, ya ajiye min ta ƙarshe, ya kife ƙwaryar, ya buga gindinta.

"To, ina sauran da kac ce?"

Wallahi na so in yi kuka. Saba'in da uku sau ɗari da talatin da bakwai, kuma ni ne cikon na saba'in da ukun.

Keken da ya ci bai iya hawa ba, turawa ya yi har ruga, jikarsa na kan sirdi tana kaɗa ƙararrawa. Ni kuwa na tafi gida a ƙasa. Na ma manta rabona a gindin tsamiya, sai da ya aiko min da shi a ƙulle cikin ganye.