Riɗin Yaya

Ranar an kwana ana yayyafi, gari ya waye da lumshi, ƙasa tana kama takalmi. Na bi ta kan iyakar gona na tarar da yayana a tsugune. Ya tuge riɗi guda yana duba saiwar. Ta yi baƙi, ta ruɓe kamar tsohuwar igiya.

Damina ta shida ke nan yana shuka riɗi a gonar nan, kuma ita kaɗai gare shi. Shekarar farko riɗin ya kai masa kafaɗa, da aka zo kakkaɓa sai da muka aro tabarmi. Daga nan aka sa masa Mai Riɗi. Irin kuwa na matarsa ne, Allah ya jiƙanta. Ita ta zaɓe shi da hannunta, fari mai yawan mai, ta rasu kafin a yi girbi na biyu. Yaya ya sa wa ransa cewa in irin ya tsallake damina ɗaya a cikin kwalba, mutuwa zai yi. Don haka kowace shekara riɗi, kowace shekara kuma abin yana ja da baya.

Na ce, "Yaya, gonar nan ta gaji da riɗi. Ba ta dawa ko shekara biyu ce."

Ya ce, "Kai shekara nawa kana zaune gida ɗaya? Gidan ya gaji da kai?"

"Ya gaji mana. Tambayi matata."

Ya ɗan murmusa, ya yar da saiwar.

Malamin gona ya taɓa gaya masa ciwon a cikin ƙasa yake, yana fakewa a karan da Yaya ke binnewa da sunan taki. Yaya ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin hanya, ya dawo ya ci gaba da binnewa. Ban sake yi masa magana ba. Babba ba a yi masa faɗa sau biyu.

A shekarar, abin da ya kakkaɓe bai cika kwano biyu ba. Ya zauna ya tsince masu kyau ɗaya bayan ɗaya, kwana uku yana yi. Wata safiya sai ga shi a ƙofata da kwalba.

Ya ce, "Shuka mini a taka. Kar ka haɗa shi da wani."

Na ba shi kusurwar da na cire dawa. Ya fito, ya kai ƙugu. Sau ɗaya Yaya ya zo gani, ya daɗe a tsaye, sannan ya ce na yi jinkirin cire masa ciyawa.

Yanzu gwiwa ta hana shi noma. Yana gidan babbar 'yarsa, a ɗakin kusa da ƙofa. Gonarsa dawa ce a ciki, irin kuma yana wurina.